Na'urar Auta da liyarin Goggo

Auta: Assalamu alaikum. Bappa, Goggo, Kawu, barkanku da hantsi. Ku dubi bidiyon da na turo yanzu. Wani Bature ne a bakin teku a jihar Fulorida ta Amurka, riƙe da na'urar gano ƙarfe, kamar doguwar sanda mai faifai a gindi. Yana tafe yana shara da ita a kan yashi, ta yi ƙara, ya sa shebur, bai yi wani tonon kirki ba sai ga kuɗin azurfa na shekara ɗari uku. Maganata ita ce, abin da ke cikin yashinsu akwai irinsa a namu. Ga Dadin Kowa, ga rairayin Gongola da rani tun daga Nafada har Ashaka. A fitar mini da kuɗin na'urar daga asusun gida, ba su kai na babur ba. Duk abin da Allah ya bayar a raba.

Adda: Wa alaikumus salam. Asusun da muke tarawa don rufin ɗakin Goggo?

Auta: Adda, kwabo ɗaya mai kyau zai rufe gidan gaba ɗaya.

Hamma: Auta, bidiyon ba ƙarya ba ne, shi ya sa ma ya fi saurin ɗaukar mutum. Amma ka tambayi kanka me ya kai kuɗin wurin. A ƙarshen Yulin 1715 wani ayarin jiragen ruwan Sifaniya ya taso daga Habana ta ƙasar Kuba, maƙare da azurfa da zinaren da aka haƙo a Meziko da Kudancin Amurka. Guguwa ta tare su a gaɓar Fulorida, jirage 11 suka nutse, mutum wajen dubu suka halaka. Tarkacen na nan kusa da gaɓa, a ruwa marar zurfi. Duk sanda teku ta yi hauka sai ta kwashe yashin sama ta watso na ƙasa, shi ya sa masu na'ura ke sammako can washegarin guguwa. Sun san rumbun da ya fashe, tsabar da ta zube suke tsinta. Kai wane rumbu ne ya fashe a Dadin Kowa? Madatsar ma a shekarun 1980 aka gina ta, naira ta girme ta.

Auta: Na ji na madatsa. Kogin fa, shi ma naira ta girme shi? Ba ku kuka koya mana cewa jiragen Turawa kan hau Gongola da damina har Nafada ba? Ba a Nafada hedikwatar Gombe ta zauna daga 1913 zuwa 1919 ba? Fatake nawa suka haye mashigan nan da lalita a ƙugu? Kuma can Fuloridar ma shekara ɗari biyu da ɗori kuɗin na kwance ana taka su, sai da wani magini mai suna Kip Wagner ya bi gaɓar da tsohuwar na'urar sojoji sannan aka farga. Da ya tsaya jin ta yayyensa da har yau suna cikin yashi.

Adda: Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Hamma: Wannan ka yi karatu, na yarda. To me ke cikin lalitar fataken? Wuri. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Kwanson wata halittar teku ne da ake kawowa tun daga tsibiran Maldibs, ana ƙirga shi a zuba a keso, dubu ashirin-ashirin. A Borno har da ƙyallen saƙi ake ciniki. Ko keso ɗari ne a ƙarƙashin ƙafarka na'urar ba za ta ce uffan ba, don babu ƙarfe a jikin wuri. Sulallan Turawa kuwa sai bayan 1900 suka bazu a nan, kuma an buga su da miliyoyi.

Kawu: Ku tsaya, ni na riƙe abin nan da hannuna. Lokacin zinaren Jado a Nijar, 2014, ina cikin waɗanda suka tafi. Ta farko da muka haɗa kuɗi muka saya wurin wani ɗan kasuwa jabu ce, ko cokali ka sa mata sai ta ga dama. Ta biyu ce mai kyau, kuma mai kyan ita ce mai wahalarwa. Auta, ba zinare ta sani ba, ƙarfe ta sani. Faifan nan waya ce a naɗe a ciki, tana tura maganaɗisu cikin ƙasa, duk ƙarfen da ya amsa sai ta yi kuka. Ƙusa, murfin kwalba, gwangwanin kifi, kwanson harsashi, tsohon batir. Ka durƙusa ka tona, ka tashi, taku uku ka sake durƙusawa. Har yau in sanyi ya shigo gwiwata takan tuna mini. Sannan abu kamar kwabo, in ya wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi a ƙasa, da wuya ta ji shi. Yashin Gongola kuwa kowace damina sabon shimfiɗi ne, abu mai nauyi ƙasa yake yi.

Adda: Alhamdu lillahi. An rufe magana.

Kawu: A'a 'yar nan, ban gama ba. Ni ban ce babu ba. Babban ɗana ya yi gaskiya kan wuri, amma ya cika ƙi-faɗi irin na malaman makaranta. In ni ne ba zan bi rairayi ba. Zan nemi kufai, tsohuwar kasuwar da ta tashi, gindin tsamiyar da ayari ke yada zango. Wurin da mutum ya zauna ya kwance lalita, nan abu ke faɗuwa. Manoma ma suna turo irinsu da garma.

Auta: Allah ya ja da ran Kawu! Haka aka yi a Ingila a 1992. Wani manomi hamarsa ta ɓata a gona, ba kai ba Hamma, ta buga ƙusa. Ya kira abokinsa mai na'ura ya duba masa, sai ga sulallan Rumawa kusan 15,000. An biya mai na'urar fam miliyan 1.75, ya raba da manomin. To mu ma ga Bormi kusa da Bajoga, inda aka yi yaƙi. Can ai ba a rasa ba.

Bappa: Kai yaro, shiga taitayinka. Tun ɗazu ina karantawa ina dariya, yanzu na daina. Bormi maƙabarta ce. Nan Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Yulin 1903 tare da ɗaruruwan mutanen da suka biyo shi hijira. Har Baturen da ya jagoranci harin, Manjo Marsh, kabarinsa na wurin. Da shebur za ka je musu? Kada in ƙara jin wannan a bakinka ko da wasa.

Auta: Tuba nake Bappa. Suɓutar baki ce.

Adda: Kuma ka karanta labarin Ingilan har ƙarshe. Mutumin bai kwashe ya kai gida ba, ya sanar da hukuma, masana suka zo suka tona a tsanake, shi ya sa aka biya shi. Yanzu dokarsu ta 1996 kwana 14 ta ba ka ka kai rahoto. Wasu biyu da suka ɓoye abin da suka tono a 2015 suna sayarwa a ɓoye, a 2019 aka ɗaure su shekaru. A Fulorida ma wani kamfani ne ke da izinin tarkacen jiragen, ba ka isa ka shiga ruwan da na'ura haka kawai ba. A 2015 masu nutso suka fito da sulallan zinare 350 da aka yi wa kuɗi dala miliyan 4.5, kuma jiha na da ikon ɗaukar har kashi ashirin cikin ɗari. Mu ma nan ba sakaka muke ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon neman kayan tarihi sai da izini. Kufan da Kawu ke nuna maka, shi ne ainihin inda dokar ta fi kamawa.

Kawu: Doka kam akwai ta a takarda. Waɗanda suka kwashe gumakan Nok suka fitar waje, izinin wa suka nema?

Adda: Shi ya sa muke ganinsu a hoto a gidajen tarihin wasu, Kawu.

Bappa: Kashi ashirin cikin ɗari kika ce? Ai humusi ke nan, sun zo inda muke. Tunda an shigo nan bari in raba muku, don Auta na ta cewa a raba, a raba, bai san ko nasa ba ne. Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, ita ce rikazi. Hadisi ya tabbata cewa ana fitar da ɗaya cikin biyar, kuma a wurin malamanmu na Malikiyya in ƙasar na da mai ita, sauran nasa ne, ba na mai tono ba. Abin da ya faɗi daga hannun Musulmi ko wanda ke zaune da mu da amana, wannan tsintuwa ce, sai ka yi cigiya shekara guda. Abin da teku ta tofo wanda bai taɓa zama na kowa ba, kamar ambar, shi ne na wanda ya tsinta ba tare da humusi ba. Amma kuɗi ba teku ta haife su ba, da mai su. Sai an duba alamar da ke jiki kafin a san hukuncinsu.

Goggo (jikarta ke rubuta mata): Ta ce wai duk wannan hayaniyar a kan kuɗin da ne? Ta ce in ɗauko gwangwanin da ke ƙarƙashin gadonta in ɗauka muku hoto. Ga su nan. Ta ce wannan anini ne, goma ke yin kwabo. Wannan ɗari, wannan kwabo mai huji da ake zura wa zare a rataya, ga taro, ga sisi, ga sule. Babban nan mai hoton mace kuma liyari ne, na kakarta ne, da shi aka yi mata adon aure.

Auta: La ilaha illallahu! Ku ƙara girman hoton! 1780 aka rubuta a jiki! Goggo, kuna kwana a kan arziki ruwa na zuba muku ta rufi? Hamma, yanzu kuma me za ka ce?

Hamma: Zan ce Goggo ta fi Gongola ajiya. Matar ita ce Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780. 'Yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun saba da kuɗin har ba sa karɓar wanda ya canza kama, saboda haka duk wanda aka buga bayan rasuwarta sai aka ci gaba da rubuta 1780. An buga a Landan, an buga a Faris, a Roma, har a Bombai ta Indiya, kuma har gobe ana bugawa a Biyana. Ɗaruruwan miliyoyi ne. Na Goggo tsoho ne tunda mun san hannun da ya fito, amma shekarar da ke jiki ba ta ce komai ba. Nauyinsa giram 28, azurfar ciki kamar 23, yawanci kuɗinsa ke nan da ɗan ɗori. A zamanin da matafiyin nan Bajamushe Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da shi. Wani abin daɗin, sunan liyari daga riyal na Larabci ya zo, shi kuma daga sunan kuɗin Sifaniya, wato irin wanda Baturenka ke tonowa. Dangantakar ta suna ce kawai.

Kawu: To in ba su da daraja, me ya sa ake yawo kasuwannin ƙauye ana neman kwabo mai huji da dutsen guga mai zakara? Ni da kunnena na ji ana kiran miliyoyi.

Adda: Kun ji ana kira, Kawu, kun ga wanda aka ƙirga wa? Wata abokiyar aikina a Bauchi haka aka yi wa mijinta. Ɗaya ya zo ya ce ana neman irin kwabon ido rufe, bayan kwana biyu wani ya ɓullo da shi yana sayarwa da sauƙi. Ya sayar da fili ya saya. Daga ranar wayar mai neman a kashe.

Kawu: Wannan damfara ce, na sani. Amma masu tara tsofaffin sulalla na gaskiya ma akwai su.

Hamma: Akwai, kuma ba tsufa suke saye ba, ƙaranci suke saye da lafiyar jikin kuɗin. Ku duba kwabon Goggo ko akwai na 1936 mai sunan Edward na takwas, sarkin Ingilan da ya sauka bai cika shekara ba. A Ingila kuɗinsa ba su fita kasuwa ba, amma namu na Afirka ta Yamma sun fita da sunansa. Labari mai daɗi, sai dai da yake an buga da yawa, ko shi ba zai sayi bandir ɗin kwano ba. Wanda ya fita daban sai an duba shekara da ɗan harafin wurin bugu, ɗaya bayan ɗaya. Don Allah dai kada a wanke su, wanki na kashe musu daraja.

Goggo: Ta ce duk sallah take dirje su da toka da lemun tsami, shekara hamsin ke nan.

Hamma: Inna lillahi.

Auta: Ni dai har yanzu ba wanda ya nuna mini cewa babu komai a mashigin Nafada. Cewa kuka yi da wuya.

Kawu: Nan kam yaron nan ya yi gaskiya.

Adda: Da wuyar ce ba za mu saya da kuɗin rufi ba. Ka tara naka.

Goggo: Ta ce liyarinta ba na sayarwa ba ne ko nawa ne, a daina ƙara masa girma a waya. Ta ce amma in Auta ya sayi sandar, ya fara da tsakar gida. Ɗan kunnenta na zinare da ta sayo a Makka ya faɗi tsakanin rijiya da turken awaki ranar sunan Adda, an share an tankaɗe ƙasa ba a gani ba.

Auta: In na gano nawa ne rabona, Goggo?

Bappa: Wannan ba rikazi ba ne, mai shi na zaune tana kallonka.

Kawu: Kuma wurin an yi masa daɓen siminti tun bara waccan. Ka haɗa da kuɗin diga.