Maki biyu a kan harafi ɗaya, ku yi mini alƙalanci

Baban Sadiƙ: Jama'a salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. An yi wa yarona ɗan aji biyar shiftar Turanci, malama ta ce warden, ya rubuta garden, ta zabga masa jan biro ta cire maki biyu. Harafi ɗaya fa! Kuɗin makarantar nan sai na yi gumi nake haɗa shi kowane zango, amma a rasa malamar da za ta buɗe baki ta furta kalma yadda yaro zai ji. Kuma ni a ganina kalmomin nan 'yan gida ɗaya ne, ɗaya mai gadi, ɗaya wurin da ake gadi. Ina laifin ta ba shi rabi?

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Alhaji a yi haƙuri, amma malama ce da gaskiya. A takarda ne kawai suka yi kama, a kunne ba su yi ba. Ɗaya wodin ake cewa, ɗaya gadin. Garden lambu ne. Warden kuwa mutum ne da aka ɗora wa kula da wani wuri ko wata doka: mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai, mai ba da hannu a titi, mai tsaron namun daji irin na Yankari. Da yaron ya rubuta gado a madadin gada, rabin maki za ka nema masa?

Maman Hanif: Malam kana ta zagaye. Warden gandiroba ne, shi ke nan.

Auwal Kurmawa: Hajiya don Allah a gyara harshe. Mahaifina a wannan aiki ya yi ritaya, da shi ya ciyar da mu ya aurar da mu. Babu wani gandiroba yanzu. Tun 2019 da Buhari ya sa hannu a sabuwar doka aka canza sunan hukumar, gidan gyaran hali ake cewa, su kuma jami'an gyaran hali.

Maman Hanif: To ni zagi na yi? Sunan da muka tashi muka ji ke nan. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Kawu Sale: An canza suna, an canza gabzar?

Auwal Kurmawa: Kawu ka taɓa ci ne?

Kawu Sale: Allah ya kiyaye. Amma wanda ya shiga ya fito ba ya cewa na dawo daga gyaran hali, cewa yake na fito daga gidan yari. Ka je bakin Kurmawa ka ce wa ɗan adaidaita ya kai ka cibiyar gyaran hali, ka ga ko ba zai tsaya yana kallonka ba.

Malam Nura: Ku tsaya, ai ma ba kalmar ba ce. Gandiroba a Turancin da muka gada daga Ingila warder ne, da r a ƙarshe. Amurkawa ne ke kiran shugaban gidan yari gaba ɗaya warden, shi ya sa kuke jin ta a finafinansu. Can babban ofis ne, ba mai riƙe makulli ba.

Auwal Kurmawa: Kun ji ko? Shugaba.

Kawu Sale: Na Amurka aka ce, ɗana. Naka warder ne.

Ɗan Tasha: Duk ku bar wannan. Mu direbobi warden ɗaya muka sani, yalo fiba, mai rigar ruwan lemo da ke tsaye a shataletale rana na dukansa. A ƙarƙashin 'yan sanda suke. Yanzu da jihohi suka kafa nasu hukumomin hanya, yara sun ɗauka duk wanda ya ɗaga maka hannu abu ɗaya ne.

Maman Hanif: To shi yalo fiba ba zagi ba ne? Sunan cuta fa aka laƙaba wa mutum. Me ya sa ba wanda ya ce a gyara harshe?

Auwal Kurmawa: Ɗansu ya zo ya kare su. Ni nawa nake karewa. Kuma an ce ita kalmar gandiroban daga gang driver ta fito, wato mai kora fursunoni aiki zamanin Turawa. Yaya za a kira ma'aikacin gwamnati mai kakin sarki da sunan mai kora mutane?

Kawu Sale: Wa ya ce?

Auwal Kurmawa: Na ji a rediyo.

Kawu Sale: To. Rediyo.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ya tsaya mani, Malam ya ce garden lambu ne. Mu nan garka muke cewa, kuma ita ce Hausa. A Faransanci jardin, mai gadi kuma gardien. Kun ga Alhaji bai yi nisa da gaskiya ba, gardien da garden ai kamar Hasan da Husaini.

Malam Nura: Yawwa, ka taɓo wurin. Gardien ɗinku ɗan'uwan warden ne, ba na garden ba. Bayan Normandawa, mutanen Normandi da ke arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 Faransanci ya kwarara cikin Turanci. Mutanen Normandi da w suke furta wasu kalmomin da mutanen birnin Paris ke furtawa da g. Sai Turanci ya kwashi duka biyun: warden da guardian asalinsu ɗaya, haka warranty da guarantee, haka sunan William da Guillaume. Garden kuwa danginta daban, su ne yard da jardin, ma'anarsu fili da aka kewaye da shinge. Musanyar w da g ɗin nan kamar dai yadda Bakano zai ce guri, wani ya ce wuri.

Abba Fagge: Malam ina ruwan Kano a ciki? Kullum sai an jawo mu. Guri daidai ne.

Ɗan Maraɗi: Wuri ne. Ku ne kuka lalata Hausa, har gadina kuke cewa kuna da garka.

Abba Fagge: Mai cewa lakwal da montur ne zai koya mana Hausa?

Ɗan Maraɗi: Kai mota da agogo daga kakanka ka gaje su?

Baban Sadiƙ: Ashe dai ina da gaskiya, tunda Malam da bakinsa ya ce w da g suna musanya.

Malam Nura: Alhaji ba haka na ce ba! Tsakanin warden da guardian na ce.

Abba Fagge: A matsayina na admin bari in tattara, dare ya yi. An amince garden lambu ne, kamar yadda ake faɗa a Kano kuma kowa ke ganewa. An amince guri da wuri duk Hausa ce, har Turawa ma sun yi irin namu, Malam ya kawo hujja da shekara. Maganar gandiroba Hajiya ta janye. Na rufe, kar a ƙara.

Maman Hanif: Yaushe na janye? Addu'a kawai na yi wa babansa.

Ɗan Maraɗi: Wa ya amince da lambu? Mu nawa aka tambaya? Admin ya yi alƙalanci a shari'ar da yake ciki. Gobe zan turo muryar tsohuwarmu ku ji abin da take kiran wurin da take shuka salati da yalo.

Ɗan Tasha: Wane yalon kuma, na miya ko namu na titi?