"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni": shin aikin albashi ake nufi?

Mai Neman Shawara: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kammala karatu, an kuma yi mini tayin aiki a wani kamfani, amma zuciyata ta fi karkata ga kafa sana'ar kaina. Duk wanda na tuntuɓa cikin masu goyon bayan kasuwanci sai ya ce mini "guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Shin daidai ne a ɗora wannan karin magana a kan aikin albashi?

Alhaji Ɗan Kasuwa: Wa alaikumus salam, ɗana. Daidai ne ƙwarai. Kujerar da ma'aikaci yake zaune a kai ba tasa ba ce, masu hulɗar da ya shekara yana tarairaya ba nasa ba ne, kuma ranar da aka rage ma'aikata ko shekarun ritaya suka cika, sai ya miƙa makulli ya fita. Ɗa yana gadon shagon mahaifinsa, amma ba a taɓa raba muƙamin ofis a cikin gado ba. Idan wannan ba "sari ka ba ni" ba ne, to mene ne?

Malamar Hausa: Alhaji, da girmanka, ina ganin an ja zancen zuwa inda bai nufa ba. Abin da karin maganar ta hango shi ne mutumin da ya ari gatari, mai shi yana tsaye a kansa yana cewa ya yi sara ɗaya ya miƙo, har aikin ya gagara ƙarewa cikin natsuwa. Maganar aro ce da dogaro da abin hannun wani. Ma'aikaci kuwa ba aro ya je yi ba, ƙwarewarsa da lokacinsa yake sayarwa a biya shi. Likita ko injiniya ko akanta da aka sallama daga aiki zai fita da iliminsa a ka, ya kai shi wani wurin, wato gatarinsa na hannunsa. Wanda ya buɗe shago da rancen banki, ya ɗauko kaya bashi, yana kuma zaune a haya, ai mutum uku ne a tsaye a kansa kowa na cewa a miƙo masa nasa, ko da kuwa sunansa ne a rubuce a ƙofar shagon.

Tsohon Akawu: Na goyi bayan Malama, kuma zan ƙara da lissafi. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane sabbin wuraren kasuwanci 5 yakan rufe a shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara 5, alhali ƙasa ce da ake samun rance da tsari. Abin da yakan kayar da sabon shiga shi ne ɗaukar ciniki a matsayin riba: kuɗi na shigowa kullum, sai ya riƙa ciyar da gida daga ciki, bai ankara ba uwar kuɗin ta narke. Mai kasuwanci sai ya biya haya da haraji da albashin yaransa kafin ya taɓa ko sisi, a wani watan ma ba abin da zai rage. Saboda haka a ajiye wata karin maganar a gefen wannan, kada a saki reshe a kama ganye. Ban ce albashi ba shi da ɗaci ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mun yi askin nan har mun gaji.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Malam, da tsoron faɗuwa ne abin bi, da ba wanda ya kafa kamfanin da ya ɗauke ka aiki. Lokacin da Abdurrahman bin Auf ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, Sa'adu bin Rabi'u, mutumin Madina da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ga mutumin da ya zaɓi guntun gatarinsa.

Malamar Hausa: Misalin ya yi kyau, Alhaji, sai dai ni yake taimaka wa. Abdurrahman gogaggen ɗan kasuwa ne tun a Makka. Dukiya ya baro, bai baro sanin saye da sayarwa ba. Kuma tarihin nan bai raina aikin lada ba. Annabi Musa ya amince da yin aiki na shekara 8 ko 10, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, aya ta 27, Manzon Allah (SAW) kuma ya yi wa mutanen Makka kiwo ana biyansa, ya kuma yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija. Tambayar da zan yi wa ƙanen namu ita ce: a yau ɗin nan, me ya iya wanda wani zai ciro kuɗi ya biya dominsa? Idan sha'awa ce kawai da shi, to babu gatarin tukuna, ko guntu ko dogo, kuma aikin kamfanin yana iya zama wurin da zai ƙera shi.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Zan yarda da rabin zancenki, Malama. Amma na ga da yawa da suka ce za su yi aiki shekara biyu su tara jari su fita, sai aure ya zo, 'ya'ya suka zo, bashin mota ya hau, ga su can har furfura. Ɗana, idan za ka karɓi aikin, ka faɗa mana ko a fannin sana'ar da kake buri yake, sannan kashi nawa na albashin za ka iya ajiyewa duk wata.

Mai Neman Shawara: Na gode, Baba. A fannin yake, amma batun ajiya sai na zauna na yi lissafi tukuna, domin akwai ƙanne biyu da karatunsu yake wuyana.