Maigidana ya ce ba an canza Linjila ba? Sai bakina ya mutu

Ɗan Kafur:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ni tela ne, shekara 3 ke nan ina ɗinki a wani shago wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Mu biyar ne, ni kaɗai Kirista, kuma tsakani da Allah ba wanda ya taɓa tsangwama ta. Ranar Laraba aka ɗauke wuta, yaro ya tafi sayen man janareta, ina zaune ina sa maɓalli a wata kaftani da hannu, sai maigidana ya ce, "Wai kai, littafin nan naku ba an canza shi ba? Kuma me ya tabbatar maka an gicciye Annabi Isa?" Ba da faɗa ya yi ba, hira ce kawai. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka muka taso muka tarar, Alhaji." Har allura ta soke ni don ruɗewa.

Tun ranar abin ke ci na. Kakana Bamaguje ne, da ya karɓi bishara 'yan'uwansa suka ƙwace masa gona, bai ja da baya ba. Ni jikansa tambaya biyu ta kayar da ni. Me ya kamata in ce? Ko shirun ne daidai?

Malam Ishaya, Malumfashi:
Ɗana, ba tsoro ne ya kama ka ba, hannunka ne ba komai. Wanda bai san inda ya ajiye takardar gonarsa ba, ko gaskiya gare shi rawar murya zai yi gaban alƙali.

Ga abin da za ka riƙe. A 1947 makiyaya suka fara gano tsofaffin naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran, gefen Tekun Gishiri. Cikinsu har da littafin Annabi Ishaya kusan cikakke, wanda aka kwafa fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu. Da aka gwada shi da kwafin Ibrananci da ake da su, waɗanda suka zo kusan shekara 1,000 bayansa, yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne. Sura 53 tana nan, mai maganar wanda aka soke saboda laifofinmu. Sabon Alkawari kuwa, kwafin hannu na Helenanci sun haura 5,000. Akwai wanda aka samo a Dutsen Sina'i, na ƙarni na 4, cikakken Sabon Alkawari ne, mafi yawansa yana Landan yanzu. Ka lura, ya girmi zuwan Musulunci da kusan shekara 300. To sai ka tambayi Alhaji cikin ladabi: yaushe aka canza, kafin wannan kwafin ko bayansa?

Amma kada ka ce masa babu bambanci ko ɗaya, ƙarya ce. Ƙarshen Markus 16, daga aya 9 zuwa 20, da labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 8, ba su cikin wancan tsohon kwafin. Masana sun san da haka, fassarori da yawa ma sun sa bayani a ƙasan shafi. Gara ya ji daga bakinka da ya ji a Facebook ya ce ka ɓoye masa.

Mama Saratu:
Malam ya yi magana, amma bari in ja maka kunne. Katsina kake, ba aji ba. Ka faɗi abin da ka gaskata game da Yesu, ka tsaya nan. Kada bakinka ya kai ga addininsu ko Annabinsu, ko da wasa, ko an ja ka. Kuma ba a gaban taron shago ba. 1 Bitrus 3:15 da kowa ke jawowa, ai ta ce a amsa wa wanda ya tambaya, da tawali'u da bangirma. Mahaifiyata a Babbar Ruga ta ji bishara, wurin masu jinyar kutare na mishan ɗin SIM. Cewa take hannun da ya wanke mata gyambo ta fara saurara kafin baki. Kai fa, ɗinkin mutane kana gamawa ranar da ka ce, ko kai ma sai "gobe in Allah Ya yarda"?

Bulus na Daura:
Yaya, kan gicciye: ba Kiristoci kaɗai suka rubuta ba. Tasitus, marubucin tarihin Roma wanda bai ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ya kashe Almasihu zamanin Sarki Tibariyas. A 1961 kuma aka tono dutse a Kaisariya mai sunan Bilatus. Ni dai 1 Korintiyawa 15 ce ta fi kama ni. Manzo Bulus ya rubuta ta shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciyen, ya ce fiye da mutum 500 sun ga Yesu da rai, yawancinsu suna nan har lokacin. Wato ku je ku tambaye su. Mama, ki yi haƙuri, ladabi wajibi ne, amma sau da yawa tsoronmu muke sa wa sunan ladabi.

Ɗan Kafur:
Na gode ƙwarai. Mama, kin taɓa ni, akwai rigar wani da ta kwana 9 a hannuna, jiya na gama ta. Bayan an tashi na tsaya taya Alhaji rufe shago, na ce, "Ranka ya daɗe, tambayarka ta ran nan ban amsa da kyau ba." Na ba shi labarin kogunan nan da na dutsen Bilatus, murya na rawa, shekarun ma na harhaɗa su. Ya saurara har ƙarshe, ya ce bai yarda ba, amma bai taɓa jin zancen kogon ba, in nuna masa hoton littafin a waya. Malam, da wane suna zan neme shi a intanet?