Sai ya daina allura kafin a ba shi maganin ciwon hanta nau'in C?

Famasis: Salamu alaikum jama'a. Ga matsayina, kuma ina son wanda zai ture shi da hujja. Mutumin da har yanzu yake yi wa kansa allurar Penta (pentazocine, maganin kashe raɗaɗi mai kama jiki) a jijiya, bai kamata a fara masa maganin ciwon hanta nau'in C ba sai ya daina, an ga ya yi wata shida bai koma ba. Magungunan C ɗin, sofosbuvir da daclatasvir, kullum ake shan su har mako 12, wanda kuwa bai san inda zai kwana ba da wuya ya riƙe wannan. Ko ya warke ma, jiki ba ya samun kariya daga C. Gobe ya ari sirinjin abokinsa, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ga waɗanda suka ɗauka ta ƙarin jini ko askar wanzami suna nan ba su da kuɗin magani.

Dakta (ɓangaren hanta): Wa alaikumus salam. Malam, wata shidan nan gadon zamanin interferon ne, tsohon maganin C, lokacin da ake allura duk mako har mako 24 ko 48, ga zazzaɓi ga matsananciyar damuwa, kuma kusan rabin mutane ne kawai ke warkewa. A lokacin akwai dalilin tsoro. Yanzu sofosbuvir miligiram 400 ne da daclatasvir miligiram 60, sau ɗaya a rana, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba wanda aka tabbatar yana ɗauke da cutar, ba ta sa sharaɗin daina shaye-shaye ba. A binciken SIMPLIFY, wanda aka wallafa a 2018, an ba mutum 103 da suka yi allurar ƙwaya cikin wata shida da suka gabata sofosbuvir da velpatasvir. Mutum 97 suka warke, wato kashi 94 cikin 100. Bai yi nisa da abin da ake samu wajen sauran marasa lafiya ba.

Famasis: Ranka ya daɗe, a ƙasashe irin su Ostareliya da Kanada aka yi shi, kuma mako-mako ake ba su maganin ana bibiyarsu. Mu nan sai a miƙa wa mutum kwalba guda a ce ya dawo bayan wata.

Sista: To ai ka faɗi gyaran da bakinka, Malam. Tsarin za a kwaikwaya. A ba shi na kwana bakwai-bakwai, a karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wanda ya yarda da shi. A gaya masa tun farko cewa in ya tsallake kwana bakwai ko ƙasa da haka ya ci gaba da sha daga inda ya tsaya, kada ya ruɓanya, kada kunya ta hana shi dawowa. In ya wuce haka ne likita zai sake duba lamarin. Kuma ba wajen shan magani aka fi rasa su ba. Tsakanin gwajin farko da na biyu ake rasa su: an tsaga yatsa, cikin minti 20 sakamako ya fito, sai a ce ya tafi wani asibiti ya biya kuɗin gwajin RNA, mai gano ƙwayar cutar kanta a jini, ya dawo bayan mako biyu. Daga nan ba a sake ganinsa. Ga kuma mai Penta jijiyoyinsa sun toshe, fatar hannu da ta cinya ta taurare da gyambo. In aka soke shi sau huɗu ba a samu jini ba, ana yi ana masa faɗa, ba zai sake taka ƙofar ba.

Malam na ɗakin gwaji: Sista ta taɓo inda ɓarnar take. Gwajin yatsa alamar cewa jiki ya taɓa haɗuwa da cutar kawai yake nunawa. Kusan uku cikin goma jikinsu na kore ta da kansa cikin wata shida, don haka sayar wa mutum magani a kan wannan gwaji kaɗai asarar kuɗi ce. Sai RNA ta tabbatar. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana yin na C in an samu katirijinsa, cikin ƙasa da awa biyu. Inda babu ita, a ɗiga jinin yatsa a takardar gwaji, a busar, a aika. Mako 12 bayan gama magani a sake RNA, shi ne shaidar warkewa. Gwajin yatsa kuwa zai ci gaba da nuna "akwai" ko bayan an warke, kada a tayar wa mutum da hankali da shi.

Dakta (ɓangaren hanta): Kada kuma C ta ɗauke mana hankali daga ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa kan ƙanjamau (NAIIS) na 2018 ya samu B a kashi 8.1 na manya a Najeriya, C kuwa 1.1. Dole a yi gwajin B (HBsAg) da na ƙanjamau kafin a fara shan maganin C, domin maganin C na iya tayar da B da ke kwance har hanta ta gaza. Mai B a haɗa masa da tenofovir, maganin B, a kuma ja masa kunne kada ya yanke shi da kansa. Wanda ba shi da B a yi masa rigakafi nan take, da gajeren jadawali: ranar farko, ta 7, ta 21, sai ƙari bayan shekara. Jadawalin wata shida kaɗan ne ke kai ƙarshensa.

Likitan ƙwaƙwalwa: Ni ina tare da Malam Famasis a rabin maganarsa. Sake kamuwa gaskiya ce, kusan mutum 6 cikin 100 a shekara a cikin masu ci gaba da allura. Amma maganinta ba hana magani ba ne. Bitar bincike-bincike ta ƙungiyar Cochrane ta 2017 ta nuna methadone ko buprenorphine, magungunan da likita ke bayarwa a madadin ƙwayar da ta kama mutum, na rage kamuwa da C da rabi, in aka haɗa da wadataccen sabon sirinji kuwa ragin ya kai kashi 74. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2030 sirinji 300 ne ga kowane mai allura a shekara. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu allura 80,000 a Najeriya, yawancinsu magungunan kashe raɗaɗi irin na asibiti suke yi. Kada a manta da masu ciwon sikila: a gadon asibiti wasunsu suka fara sanin Penta, kuma su ne ake yawan yi wa ƙarin jini. Gargaɗi ɗaya: wanda ke kan methadone in ya yi Penta, za ta jefa shi cikin azabar yankewar ƙwaya nan take.

Famasis: Raba sirinji kuma? Dakta, wannan ba ɗaure wa ɓarna gindi ba ne? Wane mai unguwa ne zai yarda?

Sista: Rashin sirinji bai taɓa hana mai allura yin allura ba, aro yake sa shi. An fara gwada rabon a 2020 a jihohin Gombe, Oyo da Abia. Kuma sirinji kaɗai bai isa ba, cutar na bin cokali da ruwan da ake tsoma allura da audugar tacewa. A cikin sirinji mai ragowar jini a gindin allura an ga C ta rayu har kwana 63, shi ya sa aka fi son wanda allurarsa ke manne da jikinsa. A ba da ruwan allura da auduga, a karɓi tsofaffin a akwati mai murfi. Wannan karɓar ita ce hujjar da za a kai wa mai unguwa, don ita ke kwashe allurai daga kwata da bola inda yara ke wasa.

Famasis: Na ji batun wata shida, amma jinkiri na da muhallinsa. Rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine, phenytoin da phenobarbital na farfaɗiya, duk suna karya ƙarfin maganin C. Mai tramadol da yawa kuma yakan yi jijjiga, a ɗora shi a kan ɗaya daga cikinsu ba wanda ya tambaya. A cikin masu shan maganin ƙanjamau, mai efavirenz a kai masa daclatasvir miligiram 90, mai dolutegravir a bar shi a 60. Kuma ina nan a kan bakana: in magani na mutum 50 ne masu buƙata 200, wanda hantarsa ta fi lalacewa za a fara ba.

Dakta (ɓangaren hanta): Mai tarin fuka ya gama watanninsa shida tukuna, mai farfaɗiya a sauya masa magani, a nan ba mu da saɓani. Fifita mai lalatacciyar hanta ma na yarda, a lissafa APRI, ma'aunin lalacewar hanta, daga AST da adadin platelet, gwajin jini biyu masu araha. Sai dai ma'aunin hanta ne, ba halin mutum ba. In mai allura ne APRI ɗinsa ya fi hawa, shi ne na farko.

Sista: In kuma an fara masa, a nemi waɗanda suke allura tare da shi, da matarsa, a gwada su a mako guda. Waɗanda aka samu da cutar a fara masu lokaci ɗaya, in ba haka ba daga cikinsu za ta dawo masa. Malam Famasis, kwalba uku-uku za ka ware wa kowannensu tun ranar farko, kada magani ya yanke a wata na biyu.