Wai giyar inabi sai ta tsufa take daɗi?

Sani: Jama'a, mu da muka karanta kimiyyar abinci, ku raba mu gardama da wani abokin aikina. Na ce masa jar giyar inabi duk shekarar da ta ƙara a kwalba daraja take ƙarawa. Ya ce ƙarya ne.

Malam Ado: A'uzubillahi. Sani, da sassafen nan?

Sani: Ilimi muke nema, Malam, ba kurɓa ba.

Bitrus: Abokinka ya fi ka gaskiya. Shekarata shida ina aiki a gidan abinci a Bordo ta ƙasar Faransa, kuma yawancin kwalaben da nake buɗewa an yi su ne a sha cikin shekara biyu zuwa uku. Ka ajiye irin wannan shekara 15, ƙamshin ya gudu, sai lami.

Hajiya Rabi: Ƙanena Sani, ka san baurin goro? Ka san bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita? Sinadarin tanin ne, kuma yana cikin ɓawon inabi da ƙwallonsa. Sabuwar giya mai tanin da yawa tana kama baki. A hankali tanin ɗin ke haɗuwa da sinadarin launi, wani ya kwanta a gindin kwalba, baurin ya lafa. Launin ma daga ja mai duhu yake komawa kamar jan bulo. Wadda ba ta da isasshen tanin da tsami tun farko, me za ta tsufa da shi?

Bitrus: Haka ne, Hajiya. Masu ɗanɗano launin suke fara dubawa, su karkata kofin a kan farin ƙyalle, su shinshina. Sabuwa ƙamshin 'ya'yan itace take, tsohuwa kuma ta koma ƙamshin fata da taba da busasshen ganye. Sannan su kurɓa su tofar.

Sani: To gasar ɗanɗana giyar Faransa da ta Kalifoniya da aka yi a Faris a 1976 fa? Wanda ya shirya gasar, Steven Spurrier, ya ɓoye sunayen kwalaben, alƙalai Faransawa suka ba Stag's Leap ta Kalifoniya na ɗaya. Faransawa suka ce a jira su tsufa a gani. Da aka sake a 2006, Ridge Monte Bello ta 1971, ita ma ta Kalifoniya, ita ce ta zo kan gaba. Ba tsufa ne ya ɗaga ta ba?

Bitrus: Kwalba goma zaɓaɓɓu kake magana a kai, ɗan'uwa, ba na kanti ba. Kuma a ɗaki mai duhu ake ajiye irinsu, sanyi wajen digiri 13, a kwance don kada toshiyar ta bushe. Ka kai ta Kano a watan Afrilu ka gani.

Hajiya Rabi: In iska ta shige ta da yawa ma, khal za ta zama, wato binega.

Malam Ado: Yauwa, yanzu kuka zo unguwarmu. In ta juye khal da kanta, malamai sun ce ta halatta. Bitrus, irin wannan kaɗai za ka aiko min.

Sani: Ni dai ban sallama ba. Bari in tura wa mutumin maganar 2006 ɗin.