Neman asalin wata Ba'amurkiya da aka haifa kafin yaƙin basasar Amurka

Baban Zainab: Assalamu alaikum. Maiɗakina Ba'amurkiya ce baƙar fata, kuma ta ɗora mini aikin gano asalin kakar kakarta, wadda dangi suke cewa an haife ta a jihar Maryland wajen 1840. Na same ta a ƙidayar jama'a ta 1870 a Filadelfiya, tare da mijinta da 'ya'yansu, tana amsa sunan dangin mijin, amma daga nan zuwa baya ko alamarta babu. Ba mu san sunan gidansu ba, ba mu kuma san ko baiwa ce ko 'ya ba. Ina roƙon masana su nuna mini inda zan dosa.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam, Malam. Ɓacewar tata tana da dalilai biyu. Na farko, mace a can takan ajiye sunan mahaifinta ranar aure, saɓanin yadda aka saba a ƙasar Hausa, kuma dokar wancan zamani ta sa harkokin matar aure a hannun mijinta, don haka ba kasafai takardu suke ambatonta ita kaɗai ba. Na biyu, ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta sunayen waɗanda aka 'yanta daga bauta. A 1850 da 1860 an lissafa bayi ne ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launin fata kawai. Amma kada ku yanke cewa baiwa ce, domin a 1860 kusan rabin baƙaƙen fatar Maryland masu 'yanci ne, kuma su an rubuta sunayensu tun 1850.

Shawarata ita ce ku bi ta kan 'ya'yanta tukuna. Jihar Fensilbeniya, inda Filadelfiya take, ta fara bayar da takardar shaidar mutuwa a duk faɗin jihar a 1906, kuma akwai gurbin sunan gidan mahaifiyar mamaci a cikinta, saboda haka ku nemo na 'ya'yan duka, don wanda ya ba da bayani a kan wannan yana iya sanin abin da wancan bai sani ba. Kada ku wahala da ƙidayar 1890, gobarar 1921 a Washintan ta lalata mafi yawanta.

Ɗan Katsina: Ina goyon bayan Malama, sai dai ni da mijin zan fara. Baƙaƙen fata kusan 180,000 ne suka shiga rundunar jihohin Arewa a yaƙin basasa, da yawa daga cikinsu a sansanin William Penn kusa da Filadelfiya aka horar da su. Idan mijin yana cikinsu kuma ya riga ta rasuwa, to sai da ta tabbatar da aurensu kafin a ba ta fansho, kuma tun da bayi ba su da takardar aure, sai a kira 'yan uwa da maƙwabta su yi rantsuwa, su faɗi inda aka haife ta da wanda ya mallake ta. Waɗannan takardu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Washintan, kuma a ganina babu inda ake jin muryar irin waɗannan mata kamar nan. Ku duba kuma rajistar bankin Freedman, wanda aka kafa domin 'yantattun bayi, ya kuma yi aiki daga 1865 zuwa 1874, don takan ambaci iyaye da 'yan uwan mai ajiya.

Malamar Tarihi: Haka ne, Malam. Idan sunan ubangijin ya fito, sai a koma ga wasiyyarsa da lissafin gadonsa a kotun gundumar, inda ake jera bayi da sunayensu. Harriet Tubman, shahararriyar mai yaƙi da bauta, wadda aka haifa da suna Araminta Ross a gundumar Dorchester ta Maryland ɗin, ta biya lauya dala 5 ya binciko wasiyyar Atthow Pattison, tsohon ubangijin mahaifiyarta, inda ta gano cewa ya kamata a 'yanta mahaifiyarta tun tana da shekara 45. Sai dai kotun Dorchester ta ƙone a 1852, don haka idan daga can matar ta fito, ku haɗa da littattafan coci-coci.

Baban Zainab: Allah Ya saka da alheri. Dangi suna cewa mijin ya yi soja, don haka zan fara da neman takardun fanshon.