Wace laftof zan saya wa ƙanina mai koyon rubuta manhaja?

Yayar Sadiq:
Assalamu alaikum. Ƙanina zai fara karatun kimiyyar kwamfuta, an ce za su yi Python da Java, daga baya kuma manhajar Android. Kuɗin hannuna kaɗan ne. An nuna min guda biyu kusan kuɗi ɗaya: sabuwa dal a kwali mai firosesa Celeron da RAM 4GB, da ta hannu mai Core i5 da 8GB. Wacce zan ɗauka? Don Allah masana ku taimaka.

Injiniya_Gwale:
Wa'alaikumussalam, Hajiya. Ki bar ta kwalin nan. Irinsu yawanci RAM ɗinsu, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a manne yake da allon ciki, ba a ƙara shi, ma'ajiyarsu kuma eMMC ce, wato ƙaramar ma'ajiya mai araha, mai 64GB wadda Windows kaɗai zai cinye kaso mai yawa daga cikinta. Da yaron ya buɗe VS Code, manhajar da ake rubuta manhaja a cikinta, da Chrome tare, za ta fara nishi.

Amma "Core i5" kawai ba ta isa bayani ba. Ki duba lambar da ke bayanta: i5-7200U janareshan na 7 ce, i5-8250U ko 8350U kuma na 8. A tsakaninsu akwai rata babba, domin ta 7 core 2 gare ta, ta 8 kuwa core 4 (core su ne sassan firosesa da ke raba aiki a tsakaninsu). Har i7-7500U core 2 ce, kada sunan i7 ya ruɗe ki. Ga wani dalilin kuma: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga janareshan na 8 take farawa.

Ki nemi waɗanda aka ƙera don ma'aikatan ofis: ThinkPad T480, Dell Latitude 5490, ko HP EliteBook 840 G5. Dukansu suna da ramin RAM biyu. Idan kuɗin bai kai ba, ki sayi mai 8GB yanzu, daga baya a ƙara sanda ɗaya ta DDR4 mai 8GB ta zama 16GB. Python da Java za su tafi lafiya a 8GB, amma Android Studio, manhajar ƙera manhajojin Android, da wayar gwajinsa ta cikin kwamfuta sai da 16GB suke sakewa. Ma'ajiya kuwa lallai ta zama SSD, wato mai sauri marar faifai, aƙalla 256GB. Gara SSD 256GB da tsohon hadis mai faifai 1TB.

Malam Tanko Gyara:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Sai dai ta hannu ba a biyan kuɗinta sai an zauna da ita kamar minti 30 a shagon, a tafi da wanda ya iya.

A fara da batir, tunda wutarmu sai a hankali. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. In ya gaza kashi 70 cikin 100, a rage kuɗin sabon batir daga farashin. T480 batir biyu gare ta, na ciki da na waje mai cirewa, a duba kowanne. Idan wajen taɓa linzami ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ciki ne ya kumbura.

Sannan a kashe ta, a kunna a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ta hanyar danna F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shagon bai san ta ba, a ajiye masa kayarsa. Ba tare da kalmar sirrin ba, ba za a iya kunna VT-x, saitin da ke barin kwamfuta ta gudanar da wata kwamfutar a cikinta, in a kashe take, kuma ba tare da ita ba, kayan aikin masu rubuta manhaja irin Docker da WSL2 ba za su yi aiki ba. Haka nan a haɗa ta da intanet. Wasu har yanzu suna cikin rajistar kamfanin da ya yi amfani da su a waje, ranar da aka sake loda Windows sai ta nemi imel ɗin ma'aikacin kamfanin, ta tsaya nan.

A buɗe Notepad a danna kowane maɓalli, musamman na baka-baka da waƙafi mai ɗigo, su ne abincin mai rubuta manhaja. A gwada duk ramukan USB da na caji ana ɗan motsa wayar. A karɓi rasit mai lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti a rubuce.

Zainab_Dev:
Ni ina ganin an manta da sikirin. Samfuri ɗaya yakan zo da iri biyu, 1366x768 da 1920x1080. Mai ƙaramin ba ya ɗaukar taga biyu gefe da gefe, idon yaro ne zai sha wahala. Ki dage kan 1080.

Kuma ban yarda Windows 11 ta zama sharaɗi ba. In ta janareshan na 7 ce kawai kuɗin zai iya saya, a saka mata Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, kyauta ne, ba sa cin RAM kamar Windows. Kada kuma a ɓata kuɗi kan laftof ɗin gem saboda katin hoto. Nauyi ne da zafi da shan batir. Darasin ƙirƙirarriyar basira na farko-farko Google Colab, wanda ake amfani da shi ta intanet, ya ishe shi.

Malam Tanko Gyara:
Haka ne, Malama Zainab. Ƙari ɗaya: a tabbatar cajar ta asali ce, 65W. Ta jabu takan sa linzami ya riƙa rawa in an jona, wani lokaci ta ƙona allon ciki. Bayan hunturu a kai a buɗe a share ƙurar fanka, a sake man da ke kan firosesa, kuma kada ya riƙa ɗora ta kan katifa, ta ƙasa take shaƙar iska.

Yayar Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Na tambayi mai shagon lambar, ya ce 7200U ce. Zan ce ya nemo min T480 ko Latitude 5490, ranar Asabar mu je da wanda zai duba BIOS ɗin.